Tambaya: Me ke sa ɗan kurket ya bar gunduma ya koma kulob ɗin garinsu?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan kurket na Ingila, wato wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, kuma ina fatan waɗanda suka daɗe suna bibiyar wasan za su yi haƙuri da ni, domin ni baƙo ne a harkar, ɗana ne ya jawo ni cikinta. Shekara biyu ke nan yana zuwa horo a kulob ɗin wani ƙaramin gari da ke gabashin Lancashire, ni kuma aikina shi ne in kai shi, in nemi benci in zauna har su tashi.

A zauren kulob ɗin akwai wani allon katako da aka rubuta sunaye a jikinsa da ruwan zinare, shekara bayan shekara, tun kafin yaƙin duniya na farko. Akwai kuma wani dattijo da nake gani kullum, wanda a ƙiyasina ya haura saba'in. Shi ne yake tura injin daɓe a tsakiyar fili, shi yake shafa farin layi, kuma idan hadari ya taso shi ne na farko da zai ruga ya jawo rumfar da ake rufe wurin jifa da ita. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ma'aikaci ne da aka ɗauka don kula da ciyawa. Ranar nan sai wani daga cikin iyayen yara ya ja ni gaban allon, ya nuna mini sunan dattijon nan a jere cikin shekaru masu yawa, ya ce ai mutumin ya taɓa buga wa gunduma yana saurayi, ya yi 'yan shekaru a can, sannan ya dawo gida ya ci gaba da buga wa kulob ɗin garinsu har ƙarfinsa ya ƙare.

Abin ya tsaya mini a rai. A ƙwallon ƙafa da na fi sani, idan aka ce ɗan wasa ya bar babbar ƙungiya ya koma ƙarama yana da ƙuruciya, kowa ya san tauraruwarsa ce ta dusashe. To amma yadda na ga ana girmama wannan dattijo, ba irin girmamawar tausayi ba ce da ake yi wa wanda ya gwada ya kasa. Shin mene ne ainihin bambancin kurket na gunduma da na kulob ɗin gari, kuma idan mutum ya raba rayuwarsa tsakanin su biyu, da wane ma'auni ake auna abin da ya yi? Ina jin nauyin in tambaye shi kai tsaye, kada in taɓo masa inda yake yi masa ciwo.

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Yara. Kwatancen da ka yi da ƙwallon ƙafa shi ne ya rikita ka, domin a kurket na Ingila babu tsani guda ɗaya da ƙungiyar ƙauye za ta bi ta yi ta hawa har ta kai sama. Gundumomi 18 ne suke da matsayin ajin farko, su ne suke fafatawa a gasar zakarun gundumomi wadda aka tsara a hukumance tun 1890. Goma sha bakwai a Ingila suke, ɗaya kuma, wato Glamorgan, a Wales, kuma Durham ce ta ƙarshe da aka shigar, a 1992. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan gundumomi irin su Staffordshire da Norfolk da Devon, masu tasu gasar daban tun 1895. Kulob ɗin gari kuwa wata duniya ce mai zaman kanta, komai yawan kofunan da ya ci ba zai zama gunduma ba. Ɗan wasa ne kaɗai yake ƙetarawa daga wannan zuwa wancan, kuma a tarihi ya sha ƙetarawa ta kowane ɓangare.

Gasannin kulob na arewa da tsakiyar ƙasar daga masana'antu suka tsiro. Ta Birmingham ta fara a 1888, ta Lancashire a 1892, ta Bradford a 1903. Ma'aikatan masaƙa da na ma'adinan kwal ba su da hutu sai rabin ranar Asabar da Lahadi, saboda haka aka tsara wasan da za a fara da rana a gama kafin duhu, mutane su biya kuɗin ƙofa su ga wanda ya ci da wanda aka cinye a yini guda. Wasan gunduma kuwa a lokacin kwana uku yake ɗauka, a ranakun aiki, kuma masu hannu da shuni ne suke riƙe da ragamarsa. Har zuwa ƙarshen 1962 an raba 'yan wasan gunduma gida biyu, masu buga don sha'awa waɗanda ake ɗauka a matsayin manyan mutane, da masu karɓar albashi waɗanda ake ɗauka a matsayin ma'aikata. A filaye da yawa ɗakin canja kayansu daban, ƙofar shigarsu fili daban, kuma ko a takardar sunaye ana gane su, domin harufan farkon sunan mai sha'awa a gaban sunan mahaifinsa ake sa su, na ɗan albashi kuwa a baya.

Yanzu ka sa kanka a matsayin saurayi mai jifa wanda ba shi da gado ba shi da gona. Gunduma za ta sa ka jifa kusan kwana shida a mako tsawon bazara, ka yi ta yawo a jirgin ƙasa, idan ka ji rauni wani ya maye gurbinka, sannan hunturu ya zo ka rasa abin yi ko a ba ka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kulob ɗin gasar Lancashire kuwa ɗan albashi ɗaya tak aka yarje masa ya ɗauka, don haka yakan zuba kuɗinsa a kan mutum ɗayan nan. Zai yi wasa ranar Asabar, ya horar da matasa da yamma a tsakiyar mako, ya kwana a gidansa kullum, kuma idan ya yi bajinta a zagaya da akwati cikin 'yan kallo a tara masa. Ga wasu, lissafin ya fi kyau a kulob, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Babu misalin da ya kai na Sydney Barnes. An haife shi a Smethwick a 1873, ya buga wa Warwickshire 'yan wasanni kaɗan, sai ya tafi Rishton a gasar Lancashire a 1895, daga baya ya koma Burnley. A 1901 kyaftin ɗin Lancashire, Archie MacLaren, wanda zai jagoranci Ingila zuwa Ostareliya, ya ɗauke shi cikin tawagar alhali da wuya a ce jama'ar kudancin ƙasar sun taɓa jin sunansa. A wasa na biyu a Melbourne ya fitar da masu bugu 13, wato jifansa ne ya kawo ƙarshen bugunsu, kafin ciwon gwiwa ya tsayar da shi a wasa na uku. Da ya dawo ya yi wa Lancashire cikakkun kakanni biyu, 1902 da 1903, a ta biyun ya fitar da fiye da mutum ɗari, sannan suka saɓa da shugabannin gundumar a kan albashi da abin da zai dogara da shi a hunturu. Barnes mutum ne da ba ya ɗaukar raini, kuma ya san darajar hannunsa. Ya tattara kayansa ya koma kulob ɗin Church, kuma bai sake buga gasar zakarun gundumomi ba har ya mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarka. Yana buga wa kulob ranar Asabar, yana buga wa ƙaramar gundumarsa ta Staffordshire, amma Ingila ba ta iya haƙura da shi ba, ta ci gaba da kiran sa. A wasannin Test 27 da ya yi wa ƙasar, wato manyan wasannin ƙasa da ƙasa da ake kwanaki ana yi, ya fitar da masu bugu 189, a kan maki 16.43 ga kowane mutum ɗaya. A Afirka ta Kudu a 1913 zuwa 1914 ya fitar da mutum 49 a wasanni huɗu, adadin da har yau ba a kai ba a jerin wasanni guda, kuma ya ƙi buga na biyar saboda wata taƙaddamar kuɗi da ta shafi masaukin matarsa. Bayan haka ya yi kakanni tara a Saltaire a gasar Bradford, daga 1915 zuwa 1923, inda ya fitar da fiye da mutum 900, ya kuma ci gaba da buga wa Staffordshire har 1935 yana da shekara sittin da biyu. Ni a ganina, duk wanda ya kalli wannan rayuwa ya ce barin gunduma faɗuwa ce, bai fahimci cewa kurket sana'a ce ga waɗannan mutane ba, kuma mai sana'a yana da 'yancin kai hajarsa inda aka fi saya da daraja.

Mai Littafin Maki ta rubuta:

Malam Tsohon Malami, Allah ya ƙara basira, duk abin da ka kawo na tarihi haka yake. Sai dai ina ganin ka ɗauko giwa ka auna akuya da ita. Barnes ya bar gunduma ne da ƙafarsa alhali ana son sa, kuma ko'ina ya je ana rububinsa. Yawancin waɗanda suke dawowa kulob ba su suka zaɓa ba, sallamar su aka yi, kuma idan muka ɓoye wa Malam Baban Yara wannan ba mu yi masa adalci ba. Na kwashe shekaru ina rubuta maki a wani kulob a yammacin Yorkshire, na ga dawowar irin waɗannan samari da idona fiye da sau ɗaya.

Hanyar da aka saba bi a yanzu ita ce yaro ya taso a ƙungiyar yara ta kulob ɗinsu, a zaɓe shi cikin 'yan ƙasa da shekara kaza na gunduma, ya shiga makarantar horo ta gundumar, sannan ya fara buga wa tawaga ta biyu, wadda take da tata gasar tun 1959. Idan an ga alamar alheri a ba shi kwantiragin shekara ɗaya ko biyu. Daga nan komai ya rataya ne a kan 'yan damarmaki ƙalilan. Wataƙila a saka shi a tawagar farko sau huɗu ko biyar a kaka, galibi don wani babba ya ji rauni ko ƙasa ta kira shi, wataƙila kuma ranar da aka saka shi ta zo da gajimare da danshi, ƙwallo tana karkacewa a iska, ya fita da maki uku. Watan Satumba na zuwa sai a kira shi ofis. Mutum yana da shekara ashirin da uku ko da huɗu, abokan karatunsa sun gama jami'a ko sun ƙware a sana'a, shi kuwa abin da ya iya tun yana ɗan shekara tara an ce masa bai isa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da hular gunduma. A yawancin gundumomi a al'adance ba ranar farko ake ba mutum ita ba, sai ya tabbatar da gurbinsa, kuma samun ta yana tafe da ƙarin albashi. Wanda ya yi kimanin shekara goma da hular ne ake ware wa shekarar gudummawa, a yi ta shirya wasanni da liyafa ana tara masa abin da zai riƙe bayan ya aje sanda. Tun shari'ar James Seymour na Kent, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a 1927, aka daɗe ba a cire haraji daga wannan kuɗi, shi ya sa ya zama babban abin dogaro. Wanda aka sallama kafin hula ba shi da ko ɗaya daga ciki. A da ma abin ya fi tsanani, domin ba ka da ikon buga wa gunduma sai an haife ka a cikinta ko ka zauna a can shekara biyu, Yorkshire kuwa har zuwa 1992 ba ta ɗaukar wanda aka haifa a wajenta. Saboda haka wanda gundumarsa ta sallama, ko dai ya je ya yi zaman jira a wani wuri ba tabbas, ko ya koma kulob.

Bari in ba ku labarin wanda na fi sani, ba tare da na kama suna ba. Mai jifa ne da sauri, ciwon baya ya cinye masa kaka guda, da ya warke aka ce an gode. Asabar ɗin farko da ya dawo mana, na lura rigar sanyin da ya sa tsohuwa ce ta kulob wadda ta yi masa kaɗan, alhali jakarsa cike take da kayan gunduma masu tambari. Bai taɓa fito da su ba. 'Yan kallo sun zo suna jiran ya share abokan hamayya cikin awa ɗaya, abokan hamayya kuma kowannensu burinsa ya dake shi ya samu labarin bayarwa a mashaya. Ina zaune a ɗakin maki ina sa ɗigo a kan kowace ƙwallon da ba a ci maki ba, ina ganin yadda yake cije leɓe duk lokacin da aka saki ƙwallon da ya kamata a cafke, domin ya saba da masu cafka waɗanda wannan ne aikinsu, yanzu kuwa mai gyaran famfo ne da malamin makaranta suke tsaye a bayan turaku. Kakar farko ba ta yi masa daɗi ba sam, har an fara cewa girman kai ne da shi. Sai a kaka ta uku ya rage gudu, ya koyi jifa daidai da irin filayenmu, ya karɓi horar da yara ranar Juma'a da yamma. Yanzu shi ne kyaftin, kuma yara biyu da ya raina suna cikin tawagar matasan gundumar da ta sallame shi.

Don haka, Malam Baban Yara, jin nauyin da kake yi yana da tushe. Girmamawar da ka gani gaskiya ce, amma mai yiwuwa a ƙarƙashinta akwai wani watan Satumba da dattijon bai manta ba. Idan za ka tambaye shi, fara da kulob, ka bar shi ya kai ka gunduma da kansa.

Ɗan Kallo ya rubuta:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya. Ni ɓangaren ma'auni zan taɓa, tunda shi ne ba a amsa sosai ba. A kurket ana auna mai bugu da matsakaicin makin da yake ci kafin a fitar da shi, mai jifa kuma da matsakaicin makin da ake ci a kansa kafin ya fitar da mutum ɗaya, don haka shi mai jifa ƙarancin adadin ne alheri. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki adadin kulob a jera shi da na gunduma kamar awo ɗaya ne. Filin kulob, musamman a da, ba ya samun kulawar da filin gunduma yake samu, ga ruwan saman arewacin Ingila, saboda haka mai jifa yana cin kasuwarsa, mai bugu kuma yana shan wuya. Mutumin da yake da matsakaicin maki talatin a gasar kulob mai ƙarfi a shekarun baya ba ƙaramin gwani ba ne. Haka kuma adadin gunduma na wanda ya yi wasa goma sha biyu kacal ba ya nuna komai sai cewa ya yi wasa goma sha biyu, domin rana ɗaya mai kyau ko mummuna tana iya juya lissafin gaba ɗaya.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne a duba da wa ya kara. Kafin 1968 gunduma ba ta iya ɗauko baƙo daga ƙetare ta saka shi nan take, sai ya yi zaman cika sharaɗi, don haka manyan 'yan wasan duniya kulob suke zuwa. Learie Constantine na Trinidad ya yi kakanni tara a Nelson daga 1929 zuwa 1937, kulob ɗin ya ɗauki kofin gasar sau bakwai a cikinsu. Everton Weekes ya zauna a Bacup, Garfield Sobers a Radcliffe, Wes Hall a Accrington. Basil D'Oliveira, wanda wariyar launin fata ta tare wa hanya a Afirka ta Kudu, ta kulob ɗin Middleton ya shigo a 1960 kafin Worcestershire ta ɗauke shi, daga nan ya buga wa Ingila. Al'adar ba ta mutu ba ko bayan an buɗe ƙofar gundumomi. Dennis Lillee ya zo Haslingden a 1971, Michael Holding ya zo Rishton a 1981, Viv Richards ya biyo shi can a 1987, Shane Warne kuma ya yi kaka a Accrington a 1991 tun duniya ba ta san shi ba.

Idan dattijon naka ya haura saba'in kuma kulob ɗinsu yana cikin wannan gasa, to shekarun ƙarfinsa sun faɗo daidai wannan zamani. Ma'ana, akwai yiwuwar ya tashi daga wurin aiki ranar Juma'a, ranar Asabar ya tsaya gaban ɗaya daga cikin masu jifa mafi sauri a duniya, a kan filin da ƙwallo take tashi yadda ta ga dama, a lokacin da hular kwano ba ta zama ruwan dare ba. Je ka sake duba allon nan, yawanci akwai wani a kusa da shi mai ɗauke da sunayen 'yan albashin kulob na kowace shekara.

Baban Yara ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, na bi shawararki. Jiya bayan horo na tarar da shi yana naɗe igiyar iyakar fili, na kama masa, na tambaye shi wace shekara ce ya fi jin daɗinta a kulob. Muka yi kusan awa ɗaya a tsaye, kuma shi da kansa ya gangaro kan maganar gunduma kamar yadda kika ce.

Labarinsa ya faɗo tsakanin na Malam da naki. Ba sallamar sa aka yi kai tsaye ba, an yi masa tayin ƙarin shekara ɗaya ne a kan albashin da bai ƙaru ba, ba tare da alkawarin gurbi a tawagar farko ba. A lokacin matarsa tana da juna biyu, kuma wani kamfanin ɗab'i a garin ya yi masa tayin aiki na dindindin, mai kamfanin kuma ɗan kwamitin kulob ne da yake son ya dawo. Ya ce ya yi mako biyu ba ya barci sosai kafin ya yanke shawara, kuma ya yi shekaru ba ya son karanta sakamakon gundumar a jarida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wasannin gundumar a taƙaice ya ambace su, amma da ya zo kan wata Asabar da ya tsaya wa wani baƙon mai jifa har ya ci hamsin, sai ya aje igiyar, ya nuna mini yadda ya riƙa kauce wa ƙwallo, ya miƙo mini ɗan yatsansa na hagu wanda ya karye a ranar ya kuma warke a karkace. Ya ce da aka zagaya da akwati, abin da aka tara masa ya fi albashinsa na mako.

Malam Ɗan Kallo, allo na biyun yana nan kamar yadda ka ce, a bayan ƙofa, ban taɓa lura da shi ba. Wata tambayar da ta biyo baya ita ce, shin akwai waɗanda suka kai har tawagar ƙasa kuma duk da haka suka dawo kulob ɗin da suka taso, ko kuwa sai waɗanda tafiyar ta tsaya musu a hanya?

Tsohon Malami ya rubuta:

Hajiya, na karɓi gyara, Barnes ba ma'aunin kowa ba ne. Abin da zan riƙe kawai shi ne labarin dattijon nan ma lissafin albashi da hunturu ne, irin wanda aka yi a 1903, sai dai shi ba shi da ƙarfin da zai ja daga da kowa, kuma ya ji zafin abin fiye da yadda na nuna a rubutuna na farko.

Malam Baban Yara, akwai su, kuma ɗaya yana kusa da ku. David Lloyd ɗan Accrington ne, a kulob ɗin garin ya taso, ya buga wa Lancashire daga 1965 zuwa 1983 har ya zama kyaftin ɗinta, ya yi wa Ingila wasannin Test tara, ciki har da wanda ya ci 214 ba a fitar da shi ba a karawa da Indiya a 1974. Ya yi alƙalancin wasa, ya horar da tawagar Ingila daga 1996 zuwa 1999, ya yi suna a sharhin talabijin, kuma bayan duk wannan ya koma ya sa wa Accrington riga yana da shekara sittin da 'yan kai. James Anderson ma, wanda ya aje wasan ƙasa a 2024 bayan ya fitar da mutum 704 a wasannin Test, a kulob ɗin Burnley aka fara ganin jifansa, wato kulob ɗin da Barnes ya yi wa aiki kusan shekara ɗari kafin nan.

Shi Barnes ɗin, da ya tsufa, majalisar gundumar Staffordshire ce ta ɗauke shi aikin kwafe takardun shari'a saboda kyawun rubutun hannunsa, kuma ya ci gaba da zuwa ofis har ya haura tasa'in, kafin ya rasu a watan Disamba na 1967 yana da shekara 94.

Idan ka koma ranar horo, tambayi dattijon ko tsofaffin littattafan maki suna nan. Yawancin kulob suna aje su a kabad ko a ɗakin sama, kuma a ciki za ka ga wasan Asabar ɗin nan ƙwallo bayan ƙwallo da rubutun hannun wanda ya zauna a ɗakin maki a ranar. Ka tafi da ɗanka, Hajiya kuma za ta iya bayyana muku ma'anar alamomin idan kun ɗauko hoton shafin.